WA YA YI? JIMLAR TURANCI MAI ƁOYE FA'ILI

 

Ya ku ɗalibai da iyayenmu masu daraja, na san wani zai ga wannan shafi ya ce, to me kuma ya kai malamin nahawu cikin sha'anin Turanci? Ku yi mini haƙuri ku ji dalili.

Kwanakin baya wani dattijo maƙwabcina, mai sayar da hatsi, ya same ni a ƙofar gida bayan sallar La'asar, riƙe da wata takarda, ɗansa yana biye da shi kai a sunkuye. Takardar daga wani ofis ta fito, ba sai na ambaci sunansa ba. Abin da ke cikinta bai wuce layi biyu ba: "It has been decided that your stall should be relocated. You will be contacted in due course." Yaron, wanda ke aji biyar a sakandare, ya riga ya fassara wa mahaifinsa cewa an yanke shawara a mayar da rumfarsa wani wuri, kuma za a neme shi idan lokaci ya yi. Sai dattijo ya ce, "Wa ya yanke? Wa kuma zai neme ni?" Yaro ya duba takarda sama da ƙasa bai ga kowa ba. Shi ne uban ya fusata, ya ce ashe kuɗin makarantar da yake biya asara ce.

Na karanta, na ce, "Baba, wallahi yaron nan bai yi kuskure ko na harafi ɗaya ba. Wanda ya rubuta takardar ne ya cire kansa daga cikinta."

Wannan irin jimla ita ce Turawa ke kira "passive voice". Mu kuwa 'yan Islamiyya mun san ta tun kafin mu ji sunanta na Turanci. Duk wanda ya karanta Ajrumiyya, littafin Ibn Ajrum wanda ya rasu a Fas a shekarar 1323, ya wuce babin maf'ulin da ba a ambaci fa'ilinsa ba, wanda a littattafan gaba ake ce masa na'ibul fa'ili. Muna cewa "kataba Zaidun risalatan", Zaidu ya rubuta wasiƙa. Idan muka share Zaidu sai mu ce "kutibat risalatun", an rubuta wasiƙa. Harafin farko ya ɗauki rufu'a, na kusa da ƙarshe ya ɗauki wasalin ƙasa, wasiƙa kuma ta hau kujerar Zaidu ta karɓi hukuncinsa. Masu karanta ɓangaren ajami na mujallar nan sun fi kowa sanin haɗarin wurin, domin "kataba" da "kutiba" baƙaƙensu ɗaya ne, kaf da ta da ba, wasali kaɗai ya raba mai yi da wanda aka yi wa.

Bature ba ya wasa da wasali haka. Shi kalmomi biyu yake haɗawa. Ta farko wata siga ce ta "be", wato is, are, was, were, been da 'yan uwansu, kuma ita ke ɗauke da lokaci. Ta biyu ita ce siga ta uku ta aikatau, irin su written, taken, eaten, paid. "The letter is written", ana rubutawa ko a rubuce take. "Was written", an rubuta. "Will be written", za a rubuta. "Has been written", an riga an rubuta. Ka ga ta biyun ba ta motsi, ta farkon ce ke yawo. Wanda ya riƙe wannan ya gama da rabin babin.

Ba kuma abin littafi ba ne kawai. Ɗauki gwangwanin madara ko akwatin rediyo, za ka ga "Made in China" ko "Made in Nigeria". Ɗauki kwalbar magani: "To be taken three times daily." Saƙon banki a waya: "Your account has been debited." Katin ɗaurin aure: "You are cordially invited." Allon da ake kafawa a fili: "Trespassers will be prosecuted." Kai, jimlar farko da yaro ke rubutawa a tarihin kansa ma ita ce: "I was born in Kano." A nan harsunan uku duk bakinsu ɗaya. Balarabe ya ce "wulidtu", Bahaushe ya ce an haife ni, Bature ya ce "I was born". Babu mai tsayawa ya ambaci wadda ta haife shi, tunda kowa ya sani.

Amma ku yi hattara, daidaituwar nan ba ta ɗorewa, kuma ɗaliban Larabci sun fi faɗawa rami a wannan gaɓa. Mun saba da "tuwuffiya fulanun", wadda siga ce ta majhuli, sai yaro ya kai ta Turanci ya rubuta "He was died." Wannan kuskure ne. Aikatau "die" ba ya ɗaukar maf'uli, lazimi ne, don haka babu abin da zai hau kujerar fa'ili. "He died" ake cewa. Idan kuwa kashe shi aka yi, "He was killed." Haka "It was happened" da nake yawan gani a littattafan yara, "It happened" ne daidai. Akwai kuma wanda ya fi waɗannan ban tsoro. Wani yaro ya taɓa rubuta wa shugaban makarantarsu ta boko takardar koke yana nufin an doke shi, sai ya rubuta "I was beating" maimakon "I was beaten". Da hannunsa ya mayar da kansa mai duka. A makaranta abin dariya ne. A gaban ɗan sanda ko alƙali fa?

Akwai wurin da Bature ya sha bamban da mu gaba ɗaya. Shi yana iya kawar da fa'ili daga gaba, sannan ya dawo da shi ta ƙofar baya da kalmar "by": "The letter was written by Zaid." A Larabcin da muka karanta a zaure babu wannan. Idan ka share fa'ili ka share shi ke nan. "Min ƙibali" da kuke ji a labaran rediyon Larabawa na zamani, malaman lugga da dama suna ganin daga fassarar harsunan Turai ta shigo. Hausa ma ba ta da shi. Kada wanda ya ce "an rubuta wasiƙar ta Zaidu", wannan ba Hausa ba ce. Abin da Bature yake nufi shi ne ya ajiye sunan a ƙarshe don ya yi nauyi, mu kuwa gaba muke kawo shi mu ce, Zaidu ne ya rubuta wasiƙar. Sai dai shi kansa Baturen ba kasafai yake dawo da fa'ilin ba. Randolph Quirk da abokan aikinsa uku, a babban littafinsu na nahawun Turanci da ya fito a 1985, sun ƙiyasta cewa kusan huɗu cikin biyar na irin waɗannan jimloli ba sa ɗauke da mai aikin ko kaɗan.

A bakin talakawansu kuma, a hira ta yau da kullum, sau da yawa "get" suke sakawa a gurbin "be": "He got arrested", "I got paid", "She got hurt." Takan zo galibi ga abin da ya faɗa wa mutum, musamman maras daɗi. Ku gane ta idan kun ji, amma kada ku cika ta a takardar jarrabawa ko ta neman aiki.

To yanzu ga inda ra'ayina yake.

Yadda ake koyar da wannan babi a yawancin makarantunmu bai ishe ni ba. Malami zai rubuta jimla goma a allo ya ce a juya su. Yara su juya kamar mai juya waina, a ba su maki, a tashi. Ba wanda ya tambaye su: don me mutum zai zaɓi ya ɓoye mai aiki? Alhali kuwa malamanmu na nahawu da balaga sun daɗe da yin wannan tambaya. Masu sharhin Alfiyyar Ibn Malik sun tsaya a kanta sun kawo dalilai. Ana share fa'ili don kowa ya san shi, ko don ba a san shi ba, ko don ana tsoronsa, ko don ana ji masa tsoro, ko don girmama shi, ko don taƙaita magana. Ni a ganina da za a ɗauki waɗannan dalilai a shiga da su ajin Turanci, da yaranmu sun fi 'ya'yan Turawa da yawa fahimtar jimlar.

Duba dai. Mutum ya fito masallaci bai ga takalminsa ba, ya ce "My shoes have been stolen." Bai san ɓarawon ba, me zai ce in ba haka ba? Ɗalibin kimiyya ya rubuta "The water was heated", domin ruwan ne abin lura, ko wa ya kunna wutar sakamako ɗaya ne. "The thief was sentenced to two years": ai an san alƙali ne. Uwa Baturiya ta tarar da kofi a fashe, ta san ɗanta ne, ga baƙi a zaune, sai ta ce "The cup got broken", ta rufa masa asiri. Duk waɗannan babu laifi a cikinsu, wasu ma ladabi ne. Mu ma idan babba ya yi abin da bai dace ba ba mu cewa "ka yi kuskure", cewa muke "an ɗan samu kuskure".

Shi ya sa ban yarda da masu cewa a guje wa wannan jimla ɗungurungum ba. Wani marubucin Ingila, George Orwell, ya rubuta maƙala a 1946 a kan siyasa da harshen Turanci, inda ya ba da shawarar kada a yi amfani da majhuli matuƙar ma'alumi zai yi aiki. Malamai da yawa sun ɗauki maganar kamar doka. Abin dariya, masu bincike sun ƙirga sun tarar shi kansa ya yi ta amfani da ita a cikin maƙalar. Ba mamaki. Wani lokaci wanda aka yi wa abu shi ne kan magana, dole shi zai zo gaba. Idan ana labarin wani bawan Allah da mota ta kaɗe, jama'a shi suke son ji, ba motar ba.

Amma akwai dalili guda da ban cika ganinsa a littattafan nahawu ba, kuma shi ya fi yawa a takardun ofis da bakin masu mulki: a share fa'ili don kada a kama shi. Misalin da ya shahara a Amurka shi ne na shugaba Ronald Reagan. A ƙarshen 1986 asiri ya tonu cewa jami'an gwamnatinsa sun sayar wa Iran makamai a ɓoye, aka kuma karkatar da wani ɓangare na kuɗin zuwa ga 'yan tawayen Kwantara na ƙasar Nikaraguwa. A watan Janairu na 1987 ya tsaya gaban majalisa ya ce, "serious mistakes were made", wato an tafka manyan kurakurai. Don adalci, a cikin jawabin ya ce ya ɗauki alhakin kasadar da ya yi game da Iran. Amma da aka zo kan kurakuran, sai suka zama marayu, ba uwa ba uba. Tun daga lokacin 'yan jaridar ƙasar suka riƙe wannan jimla, duk ɗan siyasar da ya furta ta sai sun yi masa dariya.

Kada mu yi wa Reagan dariya da yawa, domin a ajinmu ma akwai irinsa. Na shigo ranar wata Asabar na tarar gilashin taga a ƙasa. Na ce me ya faru? Aji gaba ɗaya suka ce, "Malam, an fasa." Na ce wa ya fasa? Wani mai wayo daga baya ya ce, "Malam, fashewa ya yi." Kun ga matakai biyu ke nan. Na farko ya yarda akwai mai yi amma ya ɓoye shi. Na biyu ya ce ma babu mai yi sam, gilashi ne ya ga dama. Turanci ma yana da duka biyun: "The window was broken" da "The window broke." Yaron da ya iya wannan dabara da Hausa tun yana shekara tara, bai kamata a ce ba zai gane ta ba idan wani ya yi masa ita da Turanci.

Wurin da ya fi damuna kuwa shi ne labari. A jarida da rediyo za ku ji "It is said that", "It is believed that", "It has been reported that", "He is alleged to have". Ɗan jarida na kirki yana amfani da "alleged" don kotu ba ta yanke hukunci ba tukuna, kuma wannan tsantseni ne abin yabo. Amma mai karatu da bai san nauyin kalmar ba sai ya haɗiye zargi a matsayin tabbas, ya kai majalisa ya ce jarida ta ce wane ya yi sata. Jarida ba ta ce ba. Cewa ta yi ana zargi.

A nan ma muna da gado da ya isa a yi alfahari da shi. Malaman hadisi sun raba sigar ruwaya gida biyu. Akwai sigar yankewa, irin su "ƙala" da "rawa", wato wane ya ce, wane ya ruwaito. Akwai kuma wadda suka kira sigar tamridi, wato ta nuna rauni, irin su "ƙila" da "ruwiya" da "yuzkaru": an ce, an ruwaito, ana ambatawa. Dukkansu majhuli ne. Imam Nawawi, wanda ya rasu a 1277, ya ja hankali cewa bai kamata a kawo hadisi mai rauni da sigar yankewa ba, haka kuma bai kamata a kawo ingantacce da sigar tamridi ba. Masu sharhin Sahihul Buhari sun yi dogon bincike a kan maganganun da ya kawo ba da cikakken isnadi ba, suna duba wace siga ya zaɓa a kowane wuri. Wato tun ƙarnoni da suka wuce malamanmu sun san cewa idan aka ce "an ce", sai a tsaya a nemi wanda ya ce. Ko kalmarmu ta "ƙila" da "wataƙila" daga wannan "ƙila" ta Larabci ta samo asali. Bahaushe ya ji "an ce", ya mayar da ita kalmar shakka, kuma ya yi daidai.

To ina amfanin ɗalibi ya san wannan a darasin Musɗalahul Hadisi da yamma, da dare kuma saƙo ya shigo wayarsa da Turanci yana cewa "It has been confirmed that", ya tura wa mutum hamsin ba tare da ya tambayi wa ya tabbatar ba? Tun 2018 WhatsApp ke liƙa wa irin wannan saƙo alamar "Forwarded", wato an turo. Ita kanta alamar majhuli ce, ba ta gaya maka daga wa ya faro ba. Saƙo ne mai yankakken isnadi. Ta irin wannan hanya ake ɓata sunan mutanen kirki, ake tsorata iyaye su ƙi kai yara asibiti, wani lokaci har a tayar da fitina a gari.

Abin da nake roƙon 'yan uwana malaman Turanci shi ne, bayan yaro ya juya jimla, a ƙara masa tambaya ɗaya: wa aka cire, kuma don me? A kawo masa jarida ta gaske, da takardar magani, da wasiƙar ofis, ya ja layi ƙarƙashin kowace "was" da "been" da siga ta uku ta biyo baya. Malamin Larabci kuma idan ya zo babin na'ibul fa'ili ya daure ya kawo misali ɗaya na Turanci. Ba zai rage masa daraja ba. Yaro guda ne yake zama a ajin safe da na yamma, bai kamata mu raba masa ƙwaƙwalwa biyu ba.

Ku kuma iyaye, ko da ba ku yi boko ba, tambayar da dattijon nan ya yi ita ce tambayar malamai. Idan yaro yana karanta muku takarda kuka ji "an" da "za a" sun yi yawa, ku tsayar da shi. Ku ce ya duba ko akwai "by" a jimlar. In babu, ya duba ƙasan takardar ko akwai suna da muƙami da sa hannu. Musamman takardar da ta shafi kuɗi ko fili ko haya. "The money will be refunded", za a mayar da kuɗi: wa zai mayar, yaushe? "The roof will be repaired", za a gyara rufi: mai gida ne ko ɗan haya? Rigingimu da yawa da ake kaiwa gaban mai unguwa daga wannan gurbi suke tasowa, kowa ya sa hannu yana zaton ɗayan ne fa'ili. Kuma Musulmi, wanda aka umarta da rubuta bashi da kafa shaidu, shi ya fi cancanta ya ƙi yarda da yarjejeniyar da ba ta ambaci wanda zai cika ta ba.

Ku ɗalibai kuwa, idan laifi naku ne, ku rubuta "I broke the window." Idan kuna neman aiki kuna faɗin abin da kuka yi, ku rubuta "I taught forty pupils", kada kunya ta sa ku ɓuya a bayan "Forty pupils were taught", mai karantawa ba zai san ku ne ba.

Shi dai dattijo, a daren nan muka zauna da ɗansa muka rubuta amsa. Na bar yaron ya riƙe alƙalami, na ce kowace jimla ya sa mata fa'ili. Ya rubuta: "I received your letter. Who took this decision? Which officer will contact me, and on what date?" Uban ya dangwala hannu, yaron ya kai da safe kafin ya wuce makaranta. Bayan mako biyu amsa ta zo, layi ɗaya tak: "Your letter has been noted." Yaron ya karanta, bai jira an tambaye shi ba ya ce, "Baba, nan ma ba su faɗi ko wane ne ba." Dattijo ya ce to gobe su tafi tare, ya ga mai "an" ɗin da idonsa.